Na Sauke Kyamarar Coci

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Kullum muna ambatonku cikin addu'a, Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa aikin asibitin nan naki kada ya karya ki. Mu nan kalau muke. Gwiwar Mama ta yi sauƙi, har ta koma yi wa kowa faɗa, kin ga ke nan lafiya ta samu. Maman yara tana nan da ɗinkinta, samarin kuma suna cinye mu da rai, Allah dai ya raya.

Kin sha tambayata me ya sa ban turo miki bidiyon baftismar 'yarki ta wajena, Malama Shiru, ba, ni kuwa ina ta kewaye-kewaye. To ranar wanka ba a ɓoyon cibi, yau zan gaya miki. Kin san shekara uku ke nan da na karɓi aikin ɗaukar sujada, tunda hoto ne sana'ata, domin irinku na nesa ku riƙa kallo a waya. Wurina a can baya yake, kusa da ƙofa: tebur, kyamara a kan ƙafafunta uku, abin ji a kunne, da ɗan gilashin da nake leƙawa. Da zuciya ɗaya na fara. Amma a hankali sai idona ya koma kan lambar masu kallo. In ta hau, raina fari. In ta sauka, sai in ji haushin fasto, wai ya cika jan wa'azi. Ana cewa a rufe ido a yi addu'a, ni kuwa lokacin nake neman fuskar da ta fi kyau a hoto. Shekara uku ina ɗaukar mutane suna rufe ido, ni ban rufe nawa ba ko sau ɗaya.

Ranar baftisma aka kira masu ba da shaida ɗaya bayan ɗaya. Kin san halin yarinyar nan, tun tana ƙarama sai an yi da gaske ake ciro kalma biyu daga bakinta. Tana kama makirufo sai na ji kunnena ɗif, sauti ya yanke. Ɗan hakin da ka raina! Wata 'yar igiya ce ta saki a ƙarƙashin tebur. Na durƙusa ina lalube, ina gumi, ina tsaki, hankalina duk yana kan masu kallo kada su gudu. Da na ɗago, sai na ga mata suna share hawaye, mutane da yawa kuma sun waiwayo suna dubana. Na ɗauka ƙarar da na yi ce ta dame su, har na ɗaga hannu ina ba da haƙuri. Da muka koma gida na buɗe bidiyon, ga ta nan tsaf cikin farar riga, bakinta yana motsi kusan minti goma, amma ba ko tari.

Mama ce ta warware mini. Ta ce ita da kunnenta ɗaya ya mutu ta ji komai, domin a gaba ta zauna. Ta ce yarinyar ta ambace ni, shi ya sa aka waiwayo, aka ga ƙeyata da bayana a ƙarƙashin tebur. Na roƙe ta ta faɗa mini abin da aka ce, ta ce ita ba rediyona ba ce. Sai ta tambaye ni ko ranar da Ubangiji zai tara nasa zan shiga in zauna, ko kuwa zan tsaya bakin ƙofa ina neman inda haske ya fi kyau. Na so in yi dariya, dariyar ta ƙi zuwa. Na je wurin yarinyar, ta sunkuyar da kai ta ce ba ta rubuta ba, a lokacin maganar ta zo mata, kuma ba za ta iya maimaitawa ba. Ta ce kada in damu, ta san ina aiki ne. Auta, da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na shiga ɗaki na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar Baba.

Washegari na sami fasto da dattawa na ce na sauke aikin kyamara. Fasto ya lallashe ni, ya ce wannan ma hidimar Allah ce. Na ce gaskiya ne, ga wani hidima ce, amma ni ta zama mini wurin ɓuya. Ban sha giya ba, ban bi mata ba, a cikin ɗakin sujada duniya ta same ni ta yi mini sata, ina sanye da rigar ma'aikatan coci. Idan muryar 'yar cikina ta wuce ni ina tsakiyar jama'a, me zai hana kiran da ya fi wannan ya wuce ni? Muka daidaita a kan a kafa kyamara ɗaya a bango saboda tsofaffi da marasa lafiya, ba mai tsayawa a kanta. Wasu sun yi gunaguni cewa hoton ya zama kamar na gidan yari. Su yi ta yi, ba zan koma ba. Lahadi biyu ke nan ina zaune a benci na huɗu, hannuwana sun rasa abin yi, amma na ji wa'azi daga farko har ƙarshe.

Yanzu saura ke. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Da bakinki kika gaya mini kina jingina wayar a kan firji kina guga. Kuma kada ki ce ban gani ba: ran nan kin rubuto "Amin, haleluya" a ƙarƙashin bidiyon daidai lokacin da sakatare yake sanarwa cewa motar wani ta tare ƙofa. Mun yi dariya har da hawaye, amma daga baya abin ya tsaya mini a rai. Ni na ɗaure miki gindi, ni nake kawo miki coci har kicin, har kika shekara biyu ba ki taka na garinku ba, wai waƙoƙinsu ba daɗi. Yaranki suna girma suna ganin sujada abin kunnawa ce da kashewa. Na san aikinki da gajiya, amma kin fi ni sanin yadda rai yake fita, a hannunki mutane suke cikawa. Ba zan ƙara turo miki komai ranar Lahadi ba. Kyamarar bango ta marasa lafiya ce, ke kuwa ƙafafunki biyu lafiya lau. Ki yi fushi in kin ga dama, Auta ce ke, kin saba, ni ma na saba.

Ki gaida maigidanki da kyau, ki gaida ɗanki Sarkin Rigima da ƙanwarsa, da surukarki mai haƙuri. Mama, maman yara, Kawu Direba da samari duk suna gaishe ku. Malama Shiru ta ce a gaishe ki, iyakar abin da ta ce ke nan. A amsarki ina son ki faɗa mini wa ya zauna kusa da ke a coci, da abin da aka yi wa'azi a kai. Na rasa minti goma da ba za su dawo ba, na kuwa ɗanɗana zafinsu. Ba zan zuba ido in rasa ki har abada ba.

Ni ne naku duka a cikin Ubangiji,
Yayanki mai hoto