Farfesa Ya Ce In Sa Iya Ta Dangwala

Anti, ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Waɗanda zan iya tambaya duk sashenmu ɗaya, kuma magana ba ta kwana a can.

Ni malamar tarihi ce a wata jami'a, ta wucin gadi. Shekara shida ke nan ana sabunta mini takarda duk ƙarshen zango. Ana ce mini Dakta, amma mu uku ne a tebur ɗaya, wanda ya riga zuwa shi ne mai kujera. A wajenmu ba a tabbatar da mutum sai ya jawo kuɗin bincike daga waje. Sau biyar ina rubuta wa gidauniyoyi, sau biyar suna amsa mini cewa aikina ya burge su ƙwarai. Yanzu in na ga wasiƙa ta fara da yabo, ba na wahalar da kaina da sauran.

Bincikena duk a kan wani akwatin ƙarfe yake. Mai shi wata tsohuwa ce da nake kira Iya. Mahaifinta magatakardan kotu ne a zamanin da, kuma ya ajiye kwafin ƙararraki a gida: wadda ta nemi saki da dalilinta, wadda 'yan'uwa suka cinye wa gado, wanda ya ce ɗan da aka haifa masa ba nasa ba ne. Kowa da sunansa. Jikokin mutanen nan suna nan a layin su Iya, suna shigowa gaishe ta.

Shekara huɗu ina zuwa duk Asabar. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kwance mabuɗi daga bakin zaninta, ina karatu tana yi mini tsiya wai na tsufa ban gama makaranta ba. Ba ta iya karatu ba, amma ta san abin da ke ciki sarai. Sharaɗinta ɗaya ne: in rubuta littafina, amma kada sunan kowa ya fita daga ɗakin. Na rantse mata.

Bana wata babbar gidauniya ta buɗe ƙofa. Dokarsu, sai ma'aikacin dindindin ne zai jagoranci aiki. Don haka na rubuta shafi arba'in, Farfesa shugaban sashenmu ya rubuta sunansa. A shafin ƙarshe akwai sharuɗɗan da ake yi wa alama, ya bi su duka ya ƙyasta kamar mai duba jarrabawar ɗansa. Ɗaya a ciki ya ce za a ɗauki hoton kowace takarda a sa a intanet kowa ya gani, kuma mai takardun ta amince. Ba zan ɓoye miki ba, Anti, na ga alamar kafin in tura. Na ce a raina ai ba ci za mu yi ba.

Sai muka ci. An manna hoton Farfesa a allon sanarwa, ni kuma ina cikin “da sauransu”.

Yanzu suna son takardar amincewar Iya cikin mako uku. Farfesa ya kira ni ofis, ya ce mini 'yata, abin da bai taɓa cewa ba. Wai in ce wa Iya takardar godiya ce, ta dangwala yatsa a wuce wurin. Wai tarihi na duniya ne, matattu ba su da sirri. Ya ƙara da cewa in kuɗin suka koma, shi bai ga bakin da zai nema mini sabuntawa da shi ba. Maigidana kuwa cewa ya yi shekara huɗu yana haƙuri da matattun nan, lokaci ya yi da su ma za su yi mana rana.

Abin da ya fi ƙona mini rai, taken gidauniyar shi ne a bai wa matan da tarihi ya manta murya. Ga mace ɗaya mai rai da muryarta, ta ce a'a, amma babu gurbinta a fam ɗinsu. In kai mata tawadar, ko in tattara littattafaina?

Dakta mai aron kujera

*

'Yar'uwa,

Na ji zafinki, kuma an cuce ki a wurare da yawa. Amma ke ma kin faɗa da bakinki, kin ga alamar kika tura. Ki riƙe wannan, zai rage miki fushi ya bar miki hankalin yin aiki.

Kada ki kai wa Iya takardar da sunan godiya. Cin amana ne, kuma wauta ce. A ƙasan yatsanta akwai wurin shaida, kuma kin san ba Farfesa ne zai sa hannu a nan ba. Ranar da wani jika ya ga sunan kakarsa a wayarsa, ƙofar Iya zai fara bugawa, sannan taki. A ranar kuwa Farfesa yana can yana taro a wani gari.

Gidauniyar ma ki yi mata adalci. Sun gaji da masu karɓar kuɗi su kulle hotuna a kwamfutarsu har su mutu. Takarda kuma gara na cin ta, kuma ba ki san hannun da akwatin zai faɗa bayan Iya ba. Sharaɗinsu yana da dalili, ku ne kuka amsa shi da ƙarya.

Ki fara da Iya. Ki nemi wani nata da ya iya karatu ya zauna, ki faɗa mata komai, har da laifinki. Ki tambaye ta ko za ta yarda a ɗauki hoto a rufe sunaye, ko a adana hotunan kada a buɗe sai bayan shekaru masu yawa. In ta ce a'a, kada ki yi mata kuka don ta tausaya miki.

Daga nan ki rubuta wa Farfesa, a rubuce nake nufi, ki ce ga abin da mai takardu ta yarda da shi, a sanar da gidauniya. Mutum irinsa yakan sauya murya in ya ga maganarsa za ta zauna a fayil. In ya ƙi, ki rubuta musu da kanki. Ba yau suka fara jin irin wannan ba, mai yiwuwa su sassauta.

Mai yiwuwa kuma su ƙi, ki rasa aikin. Ba zan ce miki abu ne mai sauƙi ba, da iyali a gabanki. Sai dai shekarunki na ba ki damar sake neman aiki. Na Iya ba lallai su jira ki zo neman gafara ba.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya buɗa miki ta inda ba za ki sunkuyar da kai ba.

Anti