Tsatsa a Kwatangwalona

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya yara?

Ka tuna ƙarfen da aka sa min a kwatangwalo bayan na faɗo daga gini? Ciwon da nake ta shafa wa man zafin Inna, ashe ba sanyi ba ne. Jiya likita ya ce ƙarfen ne ke cinyewa, garinsa har ya shiga jinina. Na ce, "Tsatsa? A jikin mutum?" Innalillahi! Ni da nake wuni ina kankare ta a ƙofofin mutane!

Talata za su canza shi, wai ƙaramin aiki ne. Ka sa ni a addu'a. Inna kuwa, ka ce mata man ya yi aiki, ta ƙaro.

Ƙaninka