Ƙullin Bakin Salka

Litinin, 21 ga Afrilu

Mun tashi daga Gwashi bayan asuba. Raƙuma goma sha huɗu ɗauke da gero da wake, Buzaye biyar, ni ne na shida. Baba Agali ne madugu, yana gaba riƙe da akalar babban amale. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana sauka gonarmu da rani, raƙumansa su ci kara da harawa su bar mana taki. Kowace shekara sai mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya ce baɗi zai bi shi ya ga gidansa can arewa da Tawa. Har ya rasu bai je ba. To ga ni na ɗauki alkawarin. Makaranta da ɗalibai na bar wa Malam Mukhtar.

Inna ta rako mu har bakin hanya, ta ce wa Baba Agali, "Ga amana nan." Shekarata arba'in da biyu, ana ba da ni amana kamar akuya! Matata Zaliha kuwa dariya ta yi ta yi.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Mun baro ƙasar Gummi. Ƙuguna ya mutu. Wanda ya ce hawan raƙumi daɗi gare shi, daga ƙasa ya kalla.

Abdullahi, ɗan ƙanen Baba Agali, ba ya raga mini. Wai ina zama bisa siriddi kamar mai jan tafsiri. Ƙarfi gare shi da saurin hannu, ga waya mai taswira. Na lura yana yawan duba ta in tsohon ya zaɓi hanya.

Juma'a, 2 ga Mayu

Ba Juma'a yau, ba masallaci, ba gari. Itatuwa sun ƙare sai ƙaya. Baba Agali ba ya kirana da sunana, "ɗan Maikuɗi" yake cewa, da sunan mahaifina. Kofin shayi na farko ni yake miƙa wa.

Talata, 6 ga Mayu

Mun cika jarka biyu da babbar salka a rijiyar ƙarshe. Daga nan kwana uku ba ruwa. Baba Agali ya tara mu ya faɗi doka, ko da yake na san don ni ya faɗa: madugu ne kaɗai ke taɓa ruwa, moɗa ɗaya sau uku a wuni, salla kuma da taimama. Salkar nan ta fatar akuya ita ce ajiyar kwana na uku, shi ya ɗaure bakinta da hannunsa. Wani irin ƙulli ne mai zagaye biyu, igiyar ta koma ta ƙarƙashi. Abdullahi ya ce kowane madugu da irin nasa.

Na ce ai ba komai, babin taimama shekara goma sha biyar ina karantar da shi. Har da ɗan wa'azi na yi musu. Kai, Abdulƙadir, bakinka!

Laraba, 7 ga Mayu

Ban san yadda zan rubuta wanga abu ba.

Da munka yi zango kafin magariba, duk sunka watse, wasu dabaibayin raƙuma, wasu neman itace. Aka bar ni da kaya. Jikina duk gumi da rairayi, fuskata kamar an shafa gishiri. Zuciya ta ce mini, kai malami guda, salla biyar ba ruwa? Na kwance salkar. Rabin buta na zuba, wallahi bai wuce haka ba. Na yi alwala bayan wani tudu, na ɗaure bakin yadda muke ɗaure buhun gero, na ja da ƙarfi.

Na ji daɗin sallar. Abin kunyar ke nan, na ji daɗinta.

Alhamis, 8 ga Mayu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Salkar ta tsiyaye. Da gari ya waye ta kwanta shafal, rairayin ƙarƙashinta ya yi duhu. Buhun gero ba ya ɗiga, ni da ban taɓa ɗaure ruwa ba ina zan sani?

Baba Agali ne ya fara zuwa wurin. Na hango shi tsugune, bayansa gare ni, ya ɗan jima kafin ya kira mutane. Da na matso sai na ga ƙullin bakin ba nawa ba ne. Nasa ne, mai zagaye biyu, amma sako-sako.

Abdullahi ya ɗaga igiyar ya nuna wa kowa. Sun yi ta magana da harshensu, ban ji ba, amma na ji sautin. Da Hausa abu ɗaya Baba Agali ya ce: "Hannuna ne ya yi sanyi." Bai dube ni ba.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sai na tambaya ko akwai wata rijiya kusa.

Juma'a, 9 ga Mayu

Moɗa ɗaya safe, ɗaya yamma. Mun bar hanya mun yi gabas neman wata tsohuwar rijiya da Baba Agali ya sani. Harshena ya yi kauri. Wani cikinmu, Alhasan, ya faɗo daga raƙumi da azahar, sai da anka ɗaure shi bisa kaya.

Da yamma tsohon ya kai moɗarsa baki, ya yi kamar ya sha, ya miƙo mini. Na ce a'a. Ya ce, "Innarka ta ba ni amana, ɗan Maikuɗi." Na karɓa na shanye. Rubuta shi, Abdulƙadir: ka shanye.

Taimama biyar na yi yau. Ba abin da ya same ni.

Asabar, 10 ga Mayu

Mun sami rijiyar, ruwa ja mai wari. Ban taɓa shan abu mai daɗinsa ba. Alhasan ya farfaɗo, alhamdulillahi.

Da munka tashi, Abdullahi ne ya ɗauki akalar amale. Baba Agali ya gyara rawaninsa ya koma can baya, wurin wata taguwa, raƙuma mai ɗingishi. Wurin da nake tafiya ke nan, wurin baƙi.

A bakin rijiyar nan ya kamata in yi magana, kowa na zaune, kowa ya sha. Na ce bari Alhasan ya ƙara jin sauƙi.

Lahadi, 11 ga Mayu

Wuni guda muna tafe kafaɗa da kafaɗa. Ya nuna mini sawun barewa, ya ba ni labarin ranar da mahaifina ya hau raƙumi ya faɗa cikin rumbu. Na ce, "Baba, maganar salka..." Ya ce, "Dubi can, hadari ne ko hayaƙi?" Ba hadari, ba hayaƙi.

Laraba, 14 ga Mayu

Kwana biyu ke nan a gidansu. Bukkoki na tabarma da fata, awaki, cuku, nonon taguwa. Inna Hure, matar Baba Agali, ta yanka mini ɗan akuya. Ta ce mijinta ya faɗa mata kamata ɗaya da mahaifina, wai shi mutum ne da ba ya ɓoye abu a ciki. Kaɗan na ci na tsame hannu.

Dattawa sun zauna jiya. An ba Abdullahi ayari. Alhasan ya fassara mini: madugun da ruwa ya zube a hannunsa ba ya sake jan mutane, ko wane ne shi.

Na sami Baba Agali shi kaɗai yana murza igiya, na faɗa masa duka. Ya bari na gama sannan ya ce, "Na sani. Ƙullin manoma ne, na sha ganinsa a rumbunku." Na ce zan je in gaya wa dattawa. Sai ya ɗaure fuska, ban taɓa ganinsa haka ba. "Ni na kawo ka. Ni na bar ka da kaya. So kake a ce ɗan Maikuɗi ya sha ruwan ayari a ɓoye? A nan ba za su manta ba har jikokinka."

Na fasa zuwa. Kuma gaskiya sanyi na ji a raina da ya hana ni. Wanga sanyin ne ya fi damuna.

Asabar, 17 ga Mayu

Na hau mota a Tawa. Kwana ashirin da wani abu a raƙumi, mota ta cinye shi kwana biyu.

Talata, 3 ga Yuni

Gida. Kowa na son labari. Na ba da na barewa, na ba da na ruwa ja. Zaliha ta ce mi ya same ni, buta ɗaya tana kai mini azahar da la'asar har da saura. Na ce ba komai.

Mun iso babin taimama da 'yan aji uku. Na ce Malam Mukhtar ya karɓa, wai maƙogwaro ke damuna.

Alhamis, 4 ga Disamba

Sun iso yau da hantsi. Tun daga nesa nake ƙirga rawuna. Abdullahi a gaba, Alhasan, sauran biyu, da wani sabo. Babu shi.

Abdullahi ya ce lafiyarsa lau, yana gida wurin awaki. Wanda ya sauka daga madugu ba ya bin ayari a baya shekara guda cur, kunya ce.

Inna ta riga ta share gindin tsamiyar da yake shimfiɗa, ta ware masa damin gero kamar kullum. Ta fito da ƙwaryar fura tana dube-dube. "Ina Agali?"

Juma'a, 5 ga Disamba

Na faɗa.

Bayan an sauko Juma'a na tafi gona, suna shan shayi, Inna ma ta kawo musu tuwo. Ban zauna ba. Na ce ni na kwance salka, alwala na yi da ita, ƙullina ne ya zubar da ruwa, Baba Agali ya kwance nawa ya sa nasa. Na ce Alhasan ya fassara wa waɗanda Hausarsu ba ta da ƙarfi, kada ya rage komai. Ya fassara, shi da ya kusa mutuwa.

Ba wanda ya zage ni. Da sun zage ni da ya fi. Inna ta ajiye kwano ta ce, "Kai na ba shi amana, ashe shi ya kamata in ba ka." Ta juya gida.

Abdullahi ya daɗe yana juya kofi. Ya ce, "Malam, da a bakin rijiya ka faɗi wannan." Na ce na sani. Ya ce zai kai wa dattawa, amma shi bai taɓa jin akala ta koma hannun da ta baro ba. Sannan ya tashi ya buɗe jakarsa ya ciro wani guntun igiya. Saƙo ne daga Baba Agali, ya ce tun jiya ya kamata ya ba ni, bai gane kansa ba shi ya sa ya manta. Ƙulli ne mai zagaye biyu, an ja shi tam. "Ya ce a ba ɗan Maikuɗi ya koya."

Lahadi, 7 ga Disamba

Inna ba ta amsa gaisuwata sai da ka. Damin geron na nan gindin tsamiya, ta hana a taɓa.

Na iya ƙullin. Alhasan ne ya nuna mini, sai a karo na tara ya zauna. Na gwada a bakin salkarsu, mun rataye ta tun safe, har la'asar ko ɗigo.

Na tambayi Abdullahi ko dattawan nan suna sauraron baƙo in ya zo da bakinsa. Ya ce suna saurara, abin da za su yanke ne bai sani ba. Na tambaye shi yaushe za su koma. Ya ce ƙarshen Afrilu, in Allah ya kai mu.

Tambaya kawai na yi. Amma na ce wa Zaliha kada ta ba da takalman tafiyar nan.