Yaya Mamman, Kazar Ma Ɗingishi Take

Zuwa ga Yaya Mamman, maɗorin 'Yankuzo, wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahama, zan faɗa maka abin da na kasa faɗa wa masu rai. Liman ne ke rubuta mini, ya kuma ɗauki amana.

Na karye, Yaya. Ran kasuwar Tsafe na naɗe igiyar jaki a hannu, wata motar gyaɗa ta danna ham, jakin ya fizga. Manuniya da ɗan tsakiya, hannun dama. Ka sha hana ni wanga naɗi, ban ji ba.

Garba ɗanka ne ya ɗora ni, a zaurenka, bisa buzun da ka bari. Ya bi gado yadda ya tarar: ya karya ƙafar kaza ya ɗaure, ya yi tofi, ya shafa man shanu. Amma yatsun sai ya miƙe su sambal, ya matse da kara.

Ba haka kake yi ba. Kakan sa mutum ya lanƙwasa yatsu ka duba ko farata sun kalli wuri ɗaya, ka cusa curin auduga a tafin hannu, ka jingina karyayye da ɗan'uwansa mai lafiya. Kana cewa, "Kada yatsa ya daɗe a ɗaure, mantuwa gare shi." Duk na tuna a lokacin. Amma zaure cike yake, har da mutanen Bungudu da suka kawo mai karayar cinya. Na bar shi ya gama ɗaurinsa. A gidanmu ba a gyara wa maɗori aiki gaban masu jira.

Da aka kwance, ƙashi ya haɗe, amma a karkace. In na dunƙule hannu manuniya sai ta hau ɗan tsakiya, shi kuwa ya sandare. Loma ba ta tsayawa. Ƙotar hauya suɓucewa take. A tahiya in na ɗaga yatsa, rumbun maƙwabci take nunawa.

Hajo ɗiyata ta kai ni asibitin Gusau, muka ce wa mutane taron suna za mu. Likita Bature ya juya hannun ya juya, tafinta ya ba ni hanya biyu. Ko a sa ni barci a sake karya su a daidaita, a sa siminti. Wataƙila su dawo, wataƙila tsufa ya hana. Ko in bar su haka har kabari. Ya ce in zan yi, in yi da wuri.

Simintin nan fari ne fat, Yaya, har gwiwar hannu. Riga ba ta ɓoye shi. Ranar da na shigo gari da shi, za a ce ƙanen Mamman ma ya kai wa Bature hannunsa. Wa zai ƙara miƙe ƙafa a zaurenka? Ni kaɗai na rage mai iya jero maɗoran gidanmu tun daga kaka Bawa, da wanda kowa ya ɗora, da garin da ya fito. In jero su da baki, in rushe su da hannu?

Kazar ma ɗingishi take, ka kuwa san ita mutane ke dubawa su gane aiki ya yi ko bai yi ba. Na kife ta da kwando a ɗakina, na ce shaho ya ɗauke ta. Da hagu nake watsa mata tsaba. Ni ma ba na fita sai hannu cikin riga. Garba kan leƙo ya ce, "Baba, ya jiki?" In ce alhamdu lillahi. Ba ya kallon hannun. Ina jin ya sani.

Hadari ya fara haɗowa, gona na jira. Na ce da Hajo kada ta sake kawo mini zancen Gusau. Ta yi kuka, ta ce taurin kai ne. Ban musa ba.

Gobe zan kira Garba, in saki asabari, in ɗaga kwando. Sannan in fito da hannun in dunƙule a gabansa, in nuna masa inda farata ya kamata su kalla. Daga ni sai shi sai kazar.

In ka ga ban kyauta ba, Yayana, ajiye faɗan sai na iso. Da hannun zan zo, ka duba da kanka.

Allah ya haskaka makwancinka, ya sa albarka a hannun Garba, ya sada mu inda ba karaya.

Ni ne ƙanenka mai kunnen ƙashi,
Ɗanjuma.