Likkafanin Hadi

Apapa, Ikko, 1958

Zuwa ga yayana Gide, a Tafoki.

Bayan gaisuwa, yaya ƙafar Inna? Yaya damina?

Ni lafiya lau, aikin sojan ruwa sai godiya. Hausawan Agege suna ɗawainiya da mu don Allah. Duk Juma'a Hajiya Baraka mai goro takan aiko mana da tuwo, mu da yara masu koyon aikin, ko da yake kwanan nan ba ya shiga.

Yaya, Hadi na Ruwan Godiya ya rasu. Tun ranar ɗaukarmu aiki, da aka tambayi wanda ya iya iyo, tare muka ɗaga hannu, don mun saba da kududdufi. Makon jiya ya zame daga jirgi ya faɗa teku a gabana, na ga ruwan, na kasa bin shi.

Kwana uku mutanen Hajiya suna bin gaɓa da likkafani, ba su ga gawa ba, aka yi mashi salla haka nan.

Ka taka da kanka wurin mahaifiyarshi, ka ce an sallace shi. Kada ka ƙara komai.

Likkafanin yana cikin akwatina. Jibi za mu koma teku. Inna ta sa ni a addu'a.

Ƙanenka,
Bilya