Kowa Ya Faɗi Sunansa Kafin Ya Yi Magana

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara lafiya, ya rufa asiri. Mu nan alhamdu lillahi, sai ƙafar Kawu da ta sake kumbura, shi kuwa ya rantse takalmi ne ya matse shi. An dawo da Auta ofishin da ke kusa da gida. Inna tana cin abinci, tana samun barci.

Taron ranar Asabar ne ya hana ni sakat. Ka san a nan za a yanke shawarar inda Inna za ta zauna da wanda zai riƙa kula da ita, tunda aikina ya koma na yini guda. Mu tara ne a falo, ku biyar ta intanet, kuma ba na so a maimaita na bara, da aka gama magana aka watse kana can kana ta ɗaga hannu ba wanda ya lura. Sau uku ina sauya wa kujeru wuri. Na aro kyamara wurin maƙwabcinmu mai gyaran kwamfuta, irin mai ɗauko falo gaba ɗaya, ya kuma haɗa mana da talabijin don fuskokinku su fito manya. Makirufo ɗaya ne, zai zauna tsakiyar tebur. Dole a saki labule, don hasken taga yana mai da mutum inuwa. Auta ba shi da aiki sai kallon allo, da ɗayanku ya ɗaga hannu zai tsayar da mu, ko da Kawu ne ya ɗauko tarihin kakanni. Don Allah ka tuna wa Gwaggo ta kashe makirufonta in ba magana take ba, bara mun sha jin faɗanta da mai gyaran famfo. Mun sa ƙarfe huɗu na yamma agogon nan, lokacin ku can kun tashi daga barci ke nan.

Na kuma kafa doka cewa kowa ya faɗi sunansa kafin ya yi magana. Na gaya musu saboda ku na nesa ne, don ba kwa gane muryar wa ke tashi. Kawu har ya yi min tsiya, wai na zama shugabar majalisa. Yaya, ba wannan ne dalilin ba, kuma na kasa riƙe shi ni kaɗai.

Wata shida ke nan, duk kiran da kake yi, ina tsugune a gefen kujerar Inna inda wayar ba ta kama ni, ina raɗa mata sunanka da na yaranka. Abin da kake gani tana tunawa, ni ce. Tsoro nake ji in faɗa maka, ka bar aikinka ka taho a rikice. Jiya da muka gwada kyamarar sai na ga ta nuna har lungun da nake ɓuya, ba sauran halin in raɗa mata ke nan. Sannan na sa hotonka a talabijin don in ga girman fuska. Inna ta daɗe tana kallo, ta gyara mayafinta, ta ce min a hankali, “Baƙo muka yi? A kawo masa ruwa mana.”

Na shiga kicin na yi kuka, na kuma kawo ruwan, don ta ƙi yarda a bar baƙo haka. Ka yafe min ɓoyewar da na yi. Ban so ka fara ganin wannan a gaban mutum goma sha uku ba, shi ya sa na rubuto. Idan layi ya zo kanka, kada ka tambaye ta ko ta gane ka, tambayar tana ba ta kunya. Ka faɗi sunanka kamar kowa, ka ce kai ne ɗanta na fari, sannan ka ɗan jira ta.

Ka gaida min Anti, da Dogo, da ’yan biyu. Kawu da Auta suna gaishe ka. Allah ya kai mu Asabar lafiya.

Ƙanwarka,
Mai Surutu