Tayar Gaba Ta Yi Tafiyarta

Baban yara,

Na ga kana barci, ban tashe ka ba. Motarka tana ƙofar gida a durƙushe. Ina fitowa da ita zan kai yara makaranta, tayar gaba ta fice ta yi tafiyarta har bakin shagon tela. Ashe mutanen kamfanin nan da kake ta yabo, da suka gyara birki jiya, ba su ɗaure noti ba. Alhamdu lillahi ba wanda ya ji ciwo, sai gefen motar da ya lotsa. Za mu hau tasi.

Kada ka taɓa komai, kira su su zo su gani da idonsu. Amma wanki kam, gaskiyarka, sun iya. Ko a durƙushen ƙyalli take yi.

Matarka